Nadar: Mai ɗaukar hoton da ya fifita sanin hali a kan sanin kama

A shekarar 1858 wata wasiƙa ta iso gida mai lamba 113 a titin Saint-Lazare da ke birnin Faris. Wanda ya rubuto ta shi ne Eugène Delacroix, jigo a cikin masu zanen Faransa na wancan zamani, wanda a lokacin yake da shekara 60 a duniya, ciwo kuma ya ci jikinsa. Bai daɗe da zuwa gidan aka ɗauke shi hoto ba. Da aka aika masa da hoton ya duba, sai ransa ya ɓaci ƙwarai, ya roƙi mai hoton da ya lalata gilashin da aka ɗauki surar a kansa, kada kuma a bari wani ya ga waɗanda aka riga aka wanke.

Mai hoton bai biya masa wannan buƙata ba, shi ya sa hoton ya kawo zamaninmu. Duk wanda ya dube shi zai ga dattijo a tsaye cikin baƙar kwat, ya cusa hannu guda a cikinta, ya ɗaga haɓa, idanunsa sun ƙanƙance, gajiya da izza sun haɗu a fuska ɗaya. Abin da Delacroix ya ƙi a hoton, wato yadda ya fito da shi babu kwaskwarima, shi ne abin da ya sa har yau masu nazarin tarihin fasaha suke komawa gare shi idan suna son sanin wane irin mutum ne.

Sunan mai hoton Gaspard-Félix Tournachon, amma duniya ta san shi da laƙabin Nadar. A cikin shekara kusan 90 da ya yi a raye, ya yi aikin jarida, ya yi zanen barkwanci, ya rubuta littattafai, ya kuma tuƙa balan-balan zuwa sararin samaniya. Sai dai abin da ya wanzar da sunansa shi ne hotunan makaɗa da masu zane da marubuta da 'yan wasan kwaikwayo na Faris, waɗanda ya ɗauka bisa wata ƙa'ida tasa guda ɗaya: sai ya san mutum kafin ya tsayar da shi a gaban kyamara.

Daga ajin likitanci zuwa teburin jarida

An haife shi a Faris cikin watan Afrilun 1820. Mahaifinsa, Victor Tournachon, mutumin birnin Lyon ne mai maɗaba'a da sayar da littattafai. Kasuwancin ya karye, iyalin suka koma Lyon, mahaifin kuma ya rasu a 1837. Félix ya soma karatun likitanci a can, amma rashin kuɗi da nauyin mahaifiyarsa da na ƙanensa Adrien suka tilasta masa ajiye shi. Ya fara rubuta sharhin wasannin kwaikwayo a jaridun garin, daga nan ya dawo Faris neman abin kai wa baki.

A Faris ya faɗa cikin gungun matasan marubuta da masu zane waɗanda ba su da komai sai buri, masu kwana inda dare ya yi musu. A cikin mutanen da ya yi hulɗa da su a waɗannan shekaru akwai Henry Murger da Théodore de Banville da Gérard de Nerval da kuma Charles Baudelaire, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan sha'iran Faransa. Matasan suna da wani wasan harshe na liƙa wa ƙarshen kalmomi gaɓar dar. Ta haka Tournachon ya zama Tournadar, aka gajarta shi zuwa Nadar. Wannan zaman na fatara shi ne jarin da ya fi amfanarsa a gaba, domin mutanen da ya ci abinci da su a kwano ɗaya, suka riƙa rancen kuɗi a hannun juna, su ne suka zama fitattun ƙasar bayan shekara goma sha biyar.

A 1848, shekarar da juyin juya hali ya girgiza Turai, ya shiga wata rundunar 'yan sa-kai da ta tashi da niyyar 'yantar da Polan. Tafiyar ta watse a hanya, aka tsare su a ƙasar Jamus na ɗan lokaci, ya dawo gida hannu rabbana. Daga nan ya duƙufa kan zanen barkwanci a jaridu irin su Le Charivari da Le Journal pour rire ta Charles Philipon. Sana'ar ba ta fitar da shi daga talauci ba, don kuwa a 1850 sai da aka kulle shi a kurkukun Clichy saboda bashi. Amma ta koya masa wani abu. Mai zanen barkwanci yakan zura wa mutum ido har ya gano abu ɗaya da ya bambanta shi da kowa, ko karkatar baki, ko yadda yake riƙe kafaɗa, sannan ya gina zanen a kansa.

A 1854 ya fitar da wani ƙaton zane da aka buga a takarda guda, mai suna Panthéon Nadar, wanda ya jera marubuta da 'yan jarida kimanin 250 a dogon layi mai lanƙwasa, Victor Hugo yana kan gaba. Shirinsa shi ne ya fitar da irin wannan takarda guda huɗu da za su ƙunshi mutum kusan dubu, har da makaɗa da masu zane da 'yan wasa. Kuɗi suka yanke, aikin ya tsaya. Duk da haka zanen ya sa Faris ta san shi, shi kuma ya sa ya san fuskokin Faris, domin da yawa daga mutanen sun zo sun zauna a gabansa ya zana su.

'Yan'uwa biyu, suna ɗaya

A lokacin sana'ar hoto tana da ƙuruciya. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar Louis Daguerre, wadda ke fitar da sura guda tak a kan farantin ƙarfe, ba a iya maimaita ta. A 1851 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, ya fito da sabuwar hanya. Ana shafa wa gilashi wani sinadari mai danƙo da ake kira kolodiyon, a tsoma shi cikin ruwan sinadarin azurfa, a saka shi a kyamara yana jiƙe, a buɗe wa haske na 'yan daƙiƙoƙi, sannan a ruga ɗakin duhu a wanke shi kafin ya bushe. Daga gilashi ɗaya ana iya fitar da hotuna da yawa a takarda. Wannan ne ya mai da ɗaukar hoto kasuwanci, ɗakunan hoto suka riƙa buɗewa a manyan titunan Faris.

Félix ya fara shiga harkar ne don ya sama wa ƙanensa madogara. Adrien mai zane ne da bai samu karɓuwa ba, saboda haka wansa ya biya masa kuɗin koyon hoto a wurin gwanin sana'ar, Gustave Le Gray, ya kuma taimaka aka buɗe masa ɗakin hoto a titin Capucines. Shi ma Félix ya koyi aikin a gefe. A wannan shekara ta 1854 ya auri Ernestine Lefèvre, wadda za ta zauna da shi shekara fiye da hamsin. Da ɗakin Adrien ya fara tangal-tangal a ƙarshen shekarar, Félix ya zuba kuɗi, ya kawo abokansa, ya kuma kama aiki tare da shi.

A cikin watannin da suka yi tare ne suka ɗauki jerin hotunan Charles Deburau, ɗan wasan da ke kwaikwayo da motsin jiki kaɗai ba tare da furta kalma ba. Sanye da fararen kaya, fuska shafe da farar hoda, Deburau ya nuna mamaki da ciwo da dariya da sauraro, kowanne a hotonsa. A farkon 1855 'yan'uwan suka ɓata, Félix ya fita. Hotunan Deburau sun sami lambar yabo a babban baje kolin duniya da aka yi a Faris a shekarar, amma Adrien kaɗai aka bai wa, shi kuma ya ci gaba da sa hannu da sunan Nadar ƙarami. Félix ya kai ƙara. A watan Disambar 1857 kotu ta yanke cewa laƙabin nasa ne shi kaɗai.

Shari'ar ta bar tabo a zumuncinsu, amma ta sa Nadar ya rubuta abin da yake nufi da sana'arsa. A takardar da ya gabatar wa kotu ya bayyana cewa ana iya koyon ƙa'idojin ɗaukar hoto cikin sa'a guda, a koyi sarrafa kayan aikin cikin yini guda. Abin da ba a iya koya wa mutum, a cewarsa, shi ne jin haske a jiki, da kuma basirar da za ta sa mai hoto ya fahimci wanda ke gabansa nan take, ya gane ɗabi'arsa da tunaninsa, har ya fitar da kamanninsa na ciki maimakon kwafin fuska da kowane yaron shago zai iya yi. Hujjarsa ita ce, idan haka ne, sunan da ke ƙasan hoto shaida ce ta idon da ya gani, saboda haka ba a gadonsa kamar yadda ake gadon shago.

Yadda yake aiki a Saint-Lazare

Bayan rabuwarsu Nadar ya kafa nasa ɗakin hoton a gidan da mahaifiyarsa take zaune a titin Saint-Lazare. Tsakanin 1855 da 1860 ya ɗauki mafi yawan hotunan da ake yaba masa a yau.

Galibin ɗakunan hoto na lokacin cike suke da kayan ƙawa. Akwai ginshiƙan kwali da labulaye masu tuntaye da teburan da aka jera wa littattafai, akwai bangon da aka zana wa lambu ko fada, akwai kuma wani ƙarfe da ake tokare wa mutum ƙeya da shi don kada ya motsa. Ɗan kasuwa da alƙali da janar duk sukan fito iri ɗaya, kowa ya dafa ginshiƙi ya ƙame. Nadar ya share kusan duk wannan. Bayan mutumin da yake ɗauka fili ne kawai, wani lokaci mai duhu, wani lokaci mai haske. Yakan ɗauko mutum daga kai zuwa cinya ko gwiwa, yadda hannaye da tsayuwa da yanayin sutura za su shiga cikin labarin. Hasken rana yake amfani da shi, yana karkato shi daga sama ta gefe guda da labule da allunan mai da haske, sai ɓangare ɗaya na fuska ya fito sarai, ɗayan ya nutse cikin inuwa, ƙasusuwan fuska da layukan goshi su bayyana.

Babban aikin kuwa yana faruwa ne kafin a buɗe kyamara. Nadar dogo ne mai jan gashi, mai yawan zance da raha, kuma mafi yawan masu zuwa wurinsa abokansa ne ko abokan abokansa. Yakan ja mutum da hira yayin da ake shirya gilashi, har baƙon ya saki jiki ya koma yadda yake a gidansa. Tunda gilashin ba ya jira, kuma kowane ɗauka yana cin lokaci da sinadari, dole ne mai hoto ya riga ya san yanayin da yake nema, ya gane shi da zarar ya gifta. Shi da kansa ya bayyana cewa hoton da ya fi yi masa kyau shi ne na mutumin da ya fi sani. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ba ta ba da labarin sai ga wanda ta amince da shi.

Hotunan makaɗa sun nuna haka a fili. A 1856 ya ɗauki Gioachino Rossini, ɗan Italiyan da ya tsara wasannin opera 39, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa da kiɗa, sannan ya daina a 1829 yana tsakiyar tashe. Rossini ya dawo Faris a 1855 bayan shekaru na jinya. A hoton an ga dattijo mai jiki, hannu a cikin kwat, da ɗan murmushin shaƙiyanci a gefen baki, irin na mutumin da ya san ana ta tambayar dalilin shirunsa kuma ba shi da niyyar amsawa. Hector Berlioz, wanda aka ɗauka a wajen wannan lokaci, akasin haka ya fito. Shi mai tsara kiɗa ne da aka fi girmamawa a Jamus fiye da garinsu, yana ciyar da kansa da rubuta sharhin kiɗa a jarida. Nadar ya bar shi cikin ƙatuwar rigar sanyi, gashi a hargitse, hanci kamar bakin shaho, da kallon wanda ya daɗe yana gwagwarmaya.

Haka ya yi da masu zane da marubuta. Gustave Doré, wanda bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba amma sunansa ya riga ya zagaya, ya fito da wando mai zanen dara da mayafin wuya, cike da ƙuruciya da yarda da kai. Jean-François Millet, mai zana manoma a gonakinsu, ya tsaya da faɗin ƙirji da cikar gemu kamar ɗaya daga cikinsu. Alexandre Dumas, marubucin da kakarsa baiwa ce 'yar asalin Afirka a ƙasar da ake kira Haiti a yau, ya sha izgili a hannun masu zanen barkwanci saboda kamanninsa. A hoton da Nadar ya ɗauke shi a 1855 yana zaune cikin fara'a da walwala, kamar mai shirin ba da labari.

Masu shakka

Ba kowa ne ya yarda cewa wannan aiki fasaha ne ba. Wasu tsoron kyamarar ma suke ji. Nadar ya ba da labarin cewa marubuci Honoré de Balzac yana ganin jikin mutum ya ƙunshi siraran surori ne masu rufe juna kamar ɓawo, kuma duk lokacin da aka ɗauke shi hoto ana ɓare guda. Wasu kuma raini ne. A 1859, shekarar da aka fara nuna hotuna a ginin da ake babban baje kolin zane na Faris, amma a wani sashe dabam, Baudelaire ya rubuta kakkausan sharhi inda ya bayyana sana'ar hoto a matsayin mafakar masu zanen da suka gaza, ya kuma nemi ta tsaya a matsayin baiwar kimiyya da fasaha.

Abin lura shi ne, Baudelaire aminin Nadar ne, kuma ya zauna a gaban kyamararsa fiye da sau ɗaya. Fuskar da duniya ta san sha'irin da ita a yau, mai siririn baki da kaifin ido, wani kaso nata daga gilasan Nadar ta fito. Saɓanin ra'ayin bai raba su ba. Littafin ƙarshe da Nadar ya rubuta a kan Baudelaire ne, an kuma buga shi a 1911 bayan rasuwarsa.

Babban titi da babban bashi

A 1860 Nadar ya koma wani katafaren gini mai lamba 35 a titin Capucines, ya sa aka kafa sa hannunsa da manyan jajayen haruffa a gaban ginin, ana haska shi da iskar gas da dare. Kuɗin haya da na gyara da albashin ma'aikata suka yi masa yawa. A daidai lokacin kuma kasuwa ta juya. André Disdéri ya yi rajistar wata dabara a 1854 ta ɗaukar ƙananan hotuna har takwas a gilashi ɗaya, a yanka su a manna a kati mai girman tafin hannu. Farashi ya faɗi, jama'a suka yi ca, kowa yana son katinsa da na fitattun mutane. Nadar, wanda ɗan jamhuriya ne da ba ya ga maciji da mulkin Sarki Napoleon na Uku, bai nemi cinikin fada ba, amma bai iya kauce wa cinikin kati ba.

Nan hanyarsa ta gamu da iyakarta. Mutum zai iya sanin abokai hamsin ko ɗari, amma ba zai iya sanin duk wanda ya hawo bene da kuɗinsa ba. Sannu a hankali ma'aikata suka karɓi yawancin ɗaukar, ginshiƙai da kayan ƙawa suka shigo, shi kuma ya riƙa tsayawa bayan kyamara ne kawai idan baƙon ya ja hankalinsa. Idan hakan ta faru, tsohon idon yana nan. A wajen 1864 ya ɗauki wata matashiyar 'yar wasa da ba a san ta ba sosai, Sarah Bernhardt, ya lulluɓe ta da faffaɗan mayafi mai ninki, ya bar fuskar da idanun su yi aikin. Bayan wasu shekaru ta zama 'yar wasan da ta fi kowa suna a Turai. A 1864 ɗin ya ɗauki marubuciya George Sand tana da kimanin shekara 60. Ya kuma ɗauki abokinsa Jacques Offenbach, mai tsara kiɗan wasannin ban dariya, da tabarau a kan hanci da riga mai wuyan gashi.

Sama da ƙarƙashin ƙasa

Wani dalilin da ya janye shi daga ɗakin hoto shi ne son ƙirƙira. A 1858 ya hau balan-balan da aka ɗaure da igiya a wajen Faris, ya ɗauki hoton ƙasa daga sama, abin da ake ɗauka shi ne karo na farko a tarihi. Ya sha wahala kafin ya gano cewa iskar gas da ke fita daga balan-balan ɗin ce take ɓata masa gilasai. Abokinsa Honoré Daumier ya yi masa zanen tsokana a 1862, yana cikin kwando a sama da rufin gidaje, wai yana ɗaga sana'ar hoto zuwa matsayin fasaha. A farkon shekarun 1860 ya sauka da batura da fitilun lantarki cikin ramukan ƙarƙashin Faris inda aka tara ƙasusuwan matattu, da kuma magudanan ruwan birnin. Ɗauka ɗaya takan kai minti 18, saboda haka ya yi amfani da mutum-mutumi a madadin ma'aikata.

A 1863 ya gina wani ƙaton balan-balan mai suna Le Géant, mai cin iskar gas kubik mita 6,000, da kwando mai hawa biyu. Manufarsa ita ce ya tara kuɗi daga 'yan kallo don a ƙera abin hawa mai nauyi fiye da iska, domin ya yi imanin cewa a nan makomar tashi sama take. A tashi na biyu cikin watan Oktoba, iska ta kwashe su har kusa da Hanover a Jamus, kwandon ya faɗi, aka ja shi a ƙasa kilomita da dama. Nadar ya karye a ƙafa, Ernestine ma ta ji rauni. Kuɗin da ya sa rai ba su samu ba, bashi ya ƙaru. Abokinsa Jules Verne ya juya haruffan sunansa ya raɗa wa jarumin littafinsa na tafiya duniyar wata, wanda ya fito a 1865, suna Michel Ardan.

Da sojojin Jamus suka yi wa Faris ƙawanya a watan Satumbar 1870, Nadar da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar masu balan-balan a unguwar Montmartre. A ranar 23 ga Satumba balan-balan na farko ya tsallake sansanin abokan gaba ɗauke da wasiƙu, a ranar 7 ga Oktoba kuma wani ya fitar da ministan cikin gida, Léon Gambetta, don ya shirya yaƙi daga wajen birnin. Bayan yaƙin Nadar ya wayi gari a karye. Ya koma wani wuri mai sauƙin haya a titin Anjou, inda Ernestine ta riƙe lissafin kuɗi. Tsohon ginin na Capucines kuwa, a nan ne a watan Afrilun 1874 ya ba wasu masu zane wuri suka nuna ayyukansu, bayan alƙalan baje kolin gwamnati sun sha juya musu baya. A cikinsu akwai Claude Monet da Auguste Renoir da Edgar Degas da Camille Pissarro da Paul Cézanne da Berthe Morisot. Masu sharhi da dama sun yi musu dariya, amma wannan nuni ne ake lissafawa a matsayin mafarin sabon salon zane a Turai.

Shekarun ƙarshe

Daga shekarun 1880 ɗansa Paul, wanda aka haifa a 1856, shi ne ke tafiyar da ɗakin hoton. Paul ɗan kasuwa ne da ya san abin da zamani ke so. Ya cika wurin da hotunan taurarin dandamali cikin kayan wasa da bangon zane, ya kuma zama wakilin kamfanin Kodak a Faransa, kamfanin da ya sa kyamara a hannun kowa. Uban yakan fito ne a manyan lokuta. Da Victor Hugo ya rasu a ranar 22 ga Mayun 1885, shi aka kira ya ɗauki hotonsa na ƙarshe. Ya sa aka rataya baƙin ƙyalle, aka karkato haske da madubi, farin gemun da goshin suka fito daga duhu. A 1886 ya zauna ya yi hira da masanin sinadarai Michel-Eugène Chevreul, wanda ya cika shekara 100, Paul yana ɗaukar su hoto bi da bi. Jaridar Le Journal illustré ta buga hotunan tare da maganganun dattijon a ƙarƙashin kowanne, abin da ake ɗauka a matsayin hirar jarida ta farko cikin hotuna.

Ernestine ta gamu da shanyewar ɓarin jiki a 1887, Nadar ya koma jinyarta a wani gida da ke dajin Sénart. A wajen 1890 ya ɗauke ta hoto: tsohuwa mai farin gashi, ta kai ƙaramin damin furanni bakinta, tana kallon mijinta. Da yawa daga masana suna sa wannan hoto a sahun gaba na ayyukansa, kuma ya dace da ƙa'idarsa, domin babu wanda ya sani a duniya kamar ita.

A 1895 ya miƙa wa Paul ɗakin hoton baki ɗaya. Rashin kuɗi ya sa ya sake buɗe wani a Marseille yana da shekara fiye da 75, kafin ya dawo Faris. A 1900 aka nuna ayyukansa a baje kolin duniya, ya kuma fitar da littafin tunawa da shekarunsa na ɗaukar hoto. Ernestine ta rasu a farkon 1909. A watan Yulin shekarar Louis Blériot ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a jirgin sama, abin da ya gaskata hasashen da Nadar ya yi shekara 46 kafin nan. Shi kuma ya rasu a watan Maris na 1910, saura 'yan makonni ya cika shekara 90, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise.

Paul ya ci gaba da aiki da sunan har rasuwarsa a 1939. A 1950 gwamnatin Faransa ta sayi kayan ɗakin hoton, dubban gilasai da hotuna, aka raba su tsakanin hukumar adana kayan tarihi da babban ɗakin karatu na ƙasa. Tun 1955 ake ba da wata lambar yabo mai sunansa ga littafin hotuna mafi kyau da aka buga a Faransa. Sunan da ya kai ƙanensa kotu a kansa ya ƙare a kan hotuna masu ɗimbin yawa da ba shi ya ɗauka ba, na ma'aikatansa da na ɗansa. Masu tantancewa a gidajen tarihi sukan duba kwanan wata da irin takardar da aka wanke hoton a kai, sannan su duba ko bayan mutumin fili ne, ko hasken ya zo daga gefe guda, ko kuma wanda ke cikin hoton yana kallon kyamara kamar yana kallon wani da ya sani.